Jefa fatsa a bakin teku in ka je hutu Ghana: tambayoyi da amsoshi

Wannan na masu shirin zuwa hutu bakin teku ne, musamman gaɓar Ghana, waɗanda suke son su ɗan jefa fatsa daga kan rairayi ba sai sun hau kwale-kwale ba. Yawanci mutanenmu tambayoyi iri ɗaya suke maimaitawa, toh ga su nan da amsa daidai gwargwado.

Ni na saba kama kifi a kogi da dam, teku daban ne?

Daban ne ƙwarai ɗan uwa. A Tiga ko Shiroro ko bakin kogin Neja zaka samu inuwa ka zauna ka jefa ƙugiya ka jira, ruwan yana nan inda ka barshi. Teku baya zama waje ɗaya, sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a kwana ɗaya, inda ka tsaya a bushe da hantsi kafin azahar ruwa ya kai maka gwiwa, ga igiyar ruwa tana ta dukan zarenka tana dawo maka da dalma bakin gaɓa. Wanda ya iya kogi yana da haƙuri kuma hannunsa ya san cizon kifi, wannan zai masa amfani, amma sauran duk sabon karatu ne. Kuma gaskiya sanin ruwan ya fi tsadar sanda muhimmanci nesa ba kusa ba.

Ina ya fi dacewa na je?

In son samu ne Ada Foah. Nan ne kogin Volta yake shiga teku, tafiyar kamar awa 2 daga Accra ta hanyar Aflao, a Kasseh ake kaucewa daga babban titi. Wanda ya taho ta mota daga Legas ta Seme da Kwatano da Lome ma kan hanyarsa take, ba sai ya shiga cunkoson Accra ba. Abinda yasa nake son wurin, gefe ɗaya teku gefe ɗaya kogi, ranar da teku ya yi fushi sai ka juya ɓangaren kogi ka cigaba da abinka, kuma duk inda ruwan daɗi ya haɗu da na gishiri ƙananan kifi suna taruwa manya kuma su biyo su.

Yamma kuma akwai Busua da Butre da Axim inda kogin Ankobra yake faɗawa teku, can akwai duwatsu da ɗan lungu-lungu, ruwan ya fi kyan gani amma tafiyar da nisa. Elmina da Cape Coast sun fi kyau da yawon buɗe ido, masunta da kwale-kwalensu sun cika gaban garin, sai ka matsa gefe. Bakin ruwan cikin Accra kam ban baka shawara ba, leda zaka yi ta jawowa.

Wane wata ne ya fi?

Daga Nuwamba zuwa wajen Maris, lokacin hunturu kenan, teku ya fi kwanciya kuma ba ruwan sama sosai. Daga Afrilu zuwa Yuni damina ce mai ƙarfi a kudancin Ghana. Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi yana tasowa daga ƙasan teku, lokacin ne masunta suke samun sardin da yawa, kasuwa ta cika da kifi, amma igiyar ruwa tana da girma a watannin nan kuma tsayuwa a gaɓa ga baƙo akwai wahala. Akwai kuma wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa-ƙasa da ta fara addabar gaɓar Afirka ta Yamma tun 2011, ta fi yawa a yammacin Ghana, in ta zo sai ta lulluɓe bakin ruwa gaba ɗaya, ranar kam naɗe kayanka kawai ka tafi cin abinci.

A rana fa, da safe ko da yamma?

Nan ne maganar take. Abu biyu zaka haɗa, haske da cikar teku.

Haske mai sauƙi ne, daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, sai kuma daga bayan la'asar sakaliya zuwa duhu. Tsakar rana kifi yana komawa zurfi kai kuma rana ta gasa ka a banza.

Cikar teku kuwa wata ne yake janta. Tsakanin cika ɗaya da mai bi mata kamar awa 12 da minti 25 ne, shi yasa kullum lokacin yake ƙara jinkiri da kusan minti 50, in yau ya cika ƙarfe 6 na yamma gobe sai wajen 7 saura. Lokacin da aka fi so shine awa 2 kafin ya gama cika zuwa awa 1 bayan ya fara janyewa, saboda ruwan yana hawa kan rairayin da ya bushe yana tono ƙaguwa da tsutsa, kifi kuma ya matso kiwo. Mu da muke bin lissafin watan Musulunci ma abin ya zo mana da sauƙi, ranakun tsayuwar wata da kuma 14 zuwa 16 ga wata sune teku yake cika sosai ya kuma janye sosai, wajen 7 da 22 ga wata kuma motsin kaɗan ne. A gaɓar Ghana bambancin bai kai mita 2 ba ko a manyan ranakun, amma a bakin kogi irin na Ada wannan ɗan bambancin yana sa ruwa gudu ba na wasa ba. Akwai jadawalin cika da janyewa kyauta a intanet, ka nemi na Tema ko Takoradi wanda ya fi kusa da kai. Ranar da cikar ta faɗo daidai da fitowar rana ko faɗuwarta, kar ka yarda a ja ka kasuwa.

Duk ruwan iri ɗaya nake gani, ta ya zan san inda zan jefa?

Kaje lokacin da teku ya janye ba tare da sanda ba, ka hau ɗan tudu ka tsaya kallo kamar minti 15. Zaka ga wani wuri igiyar tana fashewa tayi farin kumfa can nesa, wannan tudun yashi ne a ƙarƙashi. Tsakaninsa da gaɓa sai kaga ruwan ya yi duhu ya ɗan lafa, to kwari ne, kuma nan kifi yake bi yana kiwo. Wani lokaci bai fi taku 20 ko 30 daga ƙafarka ba. Sabbin shiga sukan ɗauka sai an wurga can ƙarshen duniya, su yi ta ɓata ƙarfi suna tsallake kifin da yake gabansu.

Sauran alamomi, tsuntsaye suna faɗawa ruwa, ƙananan kifi suna tsalle a firgice, gefen dutse, da kuma layin da ruwan kogi mai laka ya haɗu da na teku. In kaga yaran gari sun taru a wani wuri da zare naɗe a jikin gwangwani, ba banza suka zaɓi wurin ba, ka gaishe su ka tsaya ɗan nesa kaɗan.

Wane kaya zan saya, kuma dole sai mai tsada?

A'a. Sanda mai tsawon mita 3 da rabi zuwa 4, irin wadda ake harhaɗawa gaɓa-gaɓa ta shiga akwati. Abin naɗe zare, wanda yake aiki kamar ƙwarƙwaron keken ɗinki, ka nemi mai lamba 6000 zuwa 8000 wanda aka rubuta na ruwan gishiri ne. Zare mai kauri milimita 0.35 ko 0.40, sai ka ƙulla wani mai kauri sosai kamar ninki biyu na tsawon sanda a gaba, don kar ya tsinke lokacin wurgi dalma ta tashi ta fasa wa wani kai. Dalma giram 85 zuwa 150, mai siffar dala ko mai ƙafafun waya wadda take kama yashi, mai zagaye mirginawa zata yi tayi ta dawo. Ƙugiya mai lambar girma daga 2/0 zuwa 5/0. Ƴar waya ta ƙarfe in kana harin barakuda don haƙorinsa yana yanke zare nan take. Sai filaya, wuƙa, tocilan ta goshi, hula mai faɗi, da guntun bututun roba da zaka kafa a yashi ka zura sanda.

Sanda da abin naɗi ka taho da su daga gida ko kayi oda tun da wuri. Ƙugiya da zare da dalma kuwa ana samu a garuruwan masunta, kuma nasu ya dace da ruwansu.

Za a barni na hau jirgi da su?

Ƙugiya da wuƙa da filaya da dalma duk a babban akwati da za a auna, kar ka saka a jakar hannu. Doguwar sanda wadda bata naɗewa wasu kamfanonin suna cajin ta daban, ka tambaya kafin ka yanki tikiti. Ɗan Najeriya ko Nijar da ya saba zirga-zirgar yankin ya san sauran, fasfo da katin rigakafin shawara, sannan ka duba ƙa'idar shiga ta ƙasarka kafin tafiya.

Me zan maƙala a ƙugiya? Tana tana yi?

Tanar lambu mutuwa take a ruwan gishiri, barta a gida. Ka sammaka inda kwale-kwale suke sauka ka sayi sardin ɗanye na ranar, da jatan lande, in an samu da sukwid, wata halittar teku mai hannaye da yawa, don shi yana da tauri baya saurin fita. Sardin yana da mai da ƙarni, kifi yana jiyo shi daga nesa, matsalarsa laushi, wurgi ɗaya ya tarwatse. Maganin shine ka yanka shi a tsaye ka ɗaure a ƙugiya da siririn zaren roba, ko ka barbaɗa masa gishiri tun dare yayi tauri. Ƙananan ƙaguwa da suke gudu a kan rairayi ma suna yi in zaka iya kama su. Duk minti 15 zuwa 20 ka jawo ka duba, don sau da yawa ƙaguwa sun riga sun cinye kai kana tsaye kana gadin ƙugiya tsirara.

Wane irin kifi ake samu?

Wanda aka fi samu a kan yashi shine kuroka, wanda ake gasawa a gidajen kifi na Abuja da Legas, a Ghana kifin rogo suke ce masa. Akwai wanda ake kira kyaftin mai wasu zare-zare a ƙarƙashin wuya, yana girma sosai kuma namansa fari tas. Kusa da duwatsu da bakin kogi akwai jan sinafa, wannan da ya ciji yake rugawa rami, in baka juyo da shi a sakan na farko ba ka yi sallama da ƙugiyarka. Sai barakuda, da jak mai jan tsiya, da tarwaɗar teku. Tafon ma yana shiga bakin Volta, ƙato ne mai tsalle, amma kama shi daga tudu sai an dace, naman kuma ƙaya ce zalla.

Kar ka sa rai da yawa dai. Masuntan kansu suna kukan kifi ya ragu saboda manyan jiragen kamun kifi da yawan taru, abinda zaka fi samu masu tsawon tafin hannu ne zuwa kamu ɗaya.

Sai na nemi izini?

Ka tambayi masu masaukinka tun ranar da ka sauka, don dokokin kamun kifi suna canzawa, kuma a shekarun nan gwamnati takan sa hutun kamun kifi wajen watan Yuli. Abinda yake haramun a doka ko yaushe shine nakiya da guba. Kunkurun teku kuma doka ta kare shi, suna fitowa yin ƙwai a rairayin Ada da dare a watannin rani, in ka gani kar ka taɓa kar ka haska masa fitila a ido.

Bayan dokar gwamnati akwai ta gari, kuma ita ce zaka fi cin karo da ita. A yawancin garuruwan gaɓar Ghana ba a fita kamun kifi ranar Talata, al'ada ce tun kaka da kakanni, ranar ake gyaran taru. Kai baƙo ne, ko da wani yace maka fatsa ba komai ka tambayi manya tukuna. Kowane bakin ruwa yana da sarkin masunta, irin Sarkin Ruwa a wajenmu, ƙabilar Fante suna ce masa Apofohene, kaje ka gaishe shi ba abinda zai rage ka da shi, wataƙila ma ya haɗa ka da yaron da zai nuna maka wuri. Sannan in kaga ana jan taru daga gaɓa, mutane sun yi layi suna jan igiya suna waƙa, naɗe zarenka ka basu wuri, abincinsu ne kai kuma nishaɗi ya kawo ka.

Ban iya ruwa ba, akwai haɗari?

Akwai, kuma don Allah wannan amsar a karanta ta har ƙarshe. Gaɓar nan tana da gangara, igiyar tana fashewa daf da ƙafarka da ƙarfi sannan ta koma tana zare yashin da kake tsaye a kai. Ruwa iya gwiwa ya isa ya kayar da babban mutum. Wanda bai iya ruwa ba kar ya wuce idon sawu, sandar mai tsawo ce dama don ka tsaya a tudu. Kar ka juya wa teku baya kana gyaran ƙugiya, bayan ƙanana da yawa sai wata babba ta zo ba sallama. Kar ka shiga da babbar riga ko jallabiya, in ta jiƙe nauyi take ta naɗe ƙafa.

Akwai kuma wata hanyar ruwa da take komawa ciki da gudu ta tsakanin tudun yashi biyu. Abin yaudarar shine wurin ya fi ko'ina kama da kwanciya, ba kumfa ba fashewa, sai dai kaga ruwan ya ɗan yi duhu ko yana tafiya da datti zuwa ciki. Gefenta wurin kifi ne mai kyau, cikinta kuma nan ake rasa mutane. In ta ɗauki mutum kar ya yi kokawa da ita yana neman dawowa kai tsaye, gajiya zai yi, ya yi iyo ta gefe a layin gaɓa har ya fita daga cikinta, ko ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu. Kai da kake tudu kar ka faɗa bin sa in baka iya ba, kira masunta, jefa masa jarka ko wani abu mai yawo a ruwa.

Kan dutse kuma, duk inda kaga dutsen a jiƙe yake ko yana da gansakuka to ruwa yana kaiwa nan. Da dare kar ka fita kai kaɗai.

Cikin kifayen akwai masu cutarwa?

Akwai wani faffaɗa mai doguwar wutsiya da yake kwanciya a cikin yashi, a wutsiyar akwai ƙaya mai dafi. In ka jawo shi kar ka kai hannu, yanke zaren kawai. In zaka taka cikin ruwa ka riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, zai ji ya gudu. Tarwaɗar teku ma ƙayoyinta uku na baya da gefe suna da dafi, da filaya ake cire mata ƙugiya. In ɗayansu ya soke ka, tsoma wurin a ruwan zafi iya wanda fata zata jure, kamar minti 30 zuwa 90, zafi yana rage raɗaɗin, sannan a tafi asibiti a duba ko guntun ƙaya ya karye a ciki.

Talibambam na teku kuwa, wanda yake kumbura in an taɓa shi, kar a ci ko da wasa, gubarsa dafuwa bata kashe ta. Ɓangaren kogi kuma inda ruwan daɗi ne akwai tsargiya a wannan yankin na Volta, a rage shiga. Sauro da ƙananan ƙwari masu cizo suna fitowa daidai lokacin da kifi yake ci, wato magariba, ka sa dogon wando ka shafa magani.

Duk abinda na kama halal ne? Alwala da ruwan teku fa?

A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi, abin cikin teku halal ne, kifi da jatan lande da ƙaguwa, ba sai an yanka ba, kuma hadisi sananne ne cewa ruwan teku mai tsarki ne mushensa halal ne. Don haka alwala da shi ta yi, sai dai kurkurar baki akwai labari. Halal daban mai guba daban, maganar talibambam tana nan. Alƙibla kuma, teku a kudu yake, in kana fuskantarsa to alƙibla tana hagunka ta ɗan koma baya, gabas maso arewa. Ka yi sallah can sama inda yashi ya bushe, kuma ka jawo zarenka kafin ka kabbara don hankalinka kar ya rabu biyu.

In na kama yaya zan yi da shi?

Kashe shi nan take, cire ciki da jan abin numfashinsa na gefen kai, wanke da ruwan teku, saka a kula da ƙanƙara. Kifin da ya sha rana awa biyu uku, musamman jak da dangin sardin, yana iya sa mutum ƙaiƙayi da jan fuska da ciwon kai ko an dafa shi. Yawancin ƙananan masaukai zasu gasa maka in ka basu ɗan wani abu, a kawo da dokunu ko banku da shito, wato yajinsu mai mai, da yankakkiyar albasa, wallahi kuroka da aka ciro awa ɗaya da ya wuce ba ɗaya yake da na firiza ba. Ƙananan da basu kai ci ba a mayar ruwa da jiƙaƙƙen hannu. Wanda ya fi ƙarfin cikinku a ba maƙwabta, kar a ce za a taho da shi Kano.

Zan iya zuwa da Hajiya da yara?

Me zai hana. A Ada ɓangaren kogi ya fi dacewa da su, ruwan ba igiya, a ba yara ƙaramar sanda da ƙaramar ƙugiya da guntun jatan lande su tsaya a tudu, zasu fi ka kamawa ma. Rigar ruwa mai hana nitsewa dole ga yara ko a gaɓa suke, balle in za a hau kwale-kwale zagaya tsibiran. Lokacin wurgi kowa ya koma bayanka da nisa ta gefe, ka waiwaya ka duba kafin kowane wurgi. Abinci ba matsala, duk garin da yake da zango zaka samu koko da ƙosai da shinkafa da wake da masallaci, ka yi Hausa a amsa maka.

Na dawo gida abin naɗin ya ƙi juyawa, me ya faru?

Gishiri ne da yashi. Kullum in ka dawo masauki ka ɗauraye sanda da abin naɗi da ƙugiyoyi da ruwan famfo, a hankali ba da matsi ba don kar ka tura gishirin ciki, ka goge ka shanya a inuwa. Kar ka taɓa ajiye abin naɗi a kan yashi, amfanin bututun nan kenan. Ƙugiyar da ta shiga ruwa kar ka mayar cikin sababbi, duk zata sa musu tsatsa. In ya riga ya ƙage, a buɗe a wanke da kananzir a sa sabon giris, mai gyaran keken ɗinki ko mai gyaran agogo zai iya in ka tsaya a kansa, ka dai ɗauki hoton yadda kayan cikin suke kafin ya warware.